Hantata da Baƙin Ramin Ummi

Litinin 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Likita ce tace in riƙa rubuta lokacin da ciwon ke tashi da abin da na ci. Nace mata Madam, ni aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi, rubutuna ni kaɗai ke karanta shi, ni ɗin ma sai na nutsu. Tace ko yaya ne in rubuta. Toh ga shi.

Ciwo: gefen dama, ƙasan haƙarƙari. Abinci: shayi.

Duk wanda ya tsinci littafin nan ya sani na Almu ne, Almu mai hanta na abatuwar Agege. Shekara talatin da ɗaya ina fawa. Saniya tana tsaye da ƙafarta zan faɗa maka yadda hantarta take. Likitan dabbobi ma in abu ya rikice masa ni yake kallo ta gefen ido.

Yau an shafa min wani abu mai sanyi a ciki, an goga na'ura, an nuna min tawa hantar a talabijin. Babba, mai kyau, da ta sa ce da an yi rububinta. Sai dai akwai wani abu a tsakiya. Baƙi, zagayayye. Likita tace za a ɗebi jini a yi wani hoton mai girma, in dawo Laraba ta sama in ji sakamako. Nace ba damuwa.

Ba damuwa.

Talata 7, bayan la'asar

Ciwo: wajen sha biyu. Abinci: shayi, sai tuwo da yamma.

Ummi ta zo gida. Ɗiyata ta fari kenan, sunan mahaifiyata ta ci, Mastura, shi ya sa ba na kama sunan. Tana ajin ƙarshe a jami'a, karatun lissafi da taurari. Ƙwaƙwalwar tawa ta ɗauko, uwarta Asama'u tsawo kawai ta ba ta. Ran talatin ga wata za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta, difens suke cewa. Wai malaminta yace in ba ta iya fahimtar da babanta da Hausa ba, toh ita ma ba ta gane ba. Nace ya dace, ya samu ɗalibi mai kai.

Aikin a kan baƙin rami ne. Wai wani wuri ne can sama da nauyi ya taru ya cure, har haske in ya shiga ba ya fitowa. Nace kamar cikin Ɗanbaba abokin aikina kenan, tuwo in ya shiga ba a ƙara jin labarinsa. Tace Baba ka bar wasa. Nace toh abin da ba ya haske ta yaya aka gan shi? Tace ai ba shi ake gani ba, abin da ke zagaye shi ake gani. Wani faifai ne na iska mai zafi, shi ke tona masa asiri.

Ta miƙo min waya. Baƙin abu zagayayye, wuta ta kewaye shi.

Na riga na ga irinsa jiya. Nace a kawo min ruwa.

Laraba 8, azahar

An ɗebi jinin, an sa ni cikin na'urar nan mai kama da durom. Na faɗa wa Asama'u. Nace in Ummi ta ji kafin talatin ga wata ban yafe ba. Tace Baban Ummi kai ko yanzu ma sai ka yi wa mutum barazana. Ta shiga kicin ta daɗe.

Ciwo: e. Abinci: shayi.

Jumma'a 10, ƙarfe goma na safe

Ummi ta biyo ni abatuwa, ta ari takalmin roba, ta toshe hanci da mayafi kamar ba da warin nan aka raine ta ba. Bayan an gama yanka ana wanke daɓe da tiyo, duk ruwan ya nufi ramin magudana da ke tsakiya. Tace in jefa guntayen ciyawa. Na jefa. Tace Baba me ya sa ba su faɗa kai tsaye ba? Nace ai ruwan daga gefe ya zo da gudunsa, dole ya kewaya. Ta buga tafi. Wai amsar kenan. Iskar da baƙin ramin ke fizgowa daga tauraron da ke maƙwabtaka da shi ita ma daga gefe take zuwa, sai ta kama zagaye, ta baje ta zama faifai. Kaga ni ba a koya min ba na sani. Na juya na faɗa wa Ɗanbaba, yace shi ma ya sani. Ƙarya yake.

Tace in lura wanne ya fi gudu. Na kusa da ramin yana wulwulawa kamar okada, na bakin gefe kuwa kamar tirela a cunkoson Mile 2. Tace toh faifan ma zobe-zobe ne, na ciki ya fi na waje sauri, suna gogar juna kamar wuƙa da dutsen washi. Gogar ce ke kawo zafi. Na can ciki zafinsa miliyoyi ne, har hasken da yake fitarwa ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi ne a asibiti.

Da tace asibiti sai na tuna ban gaisa da masu fata ba, na tafi gaishe su. Na bar ta tana ɗaukar magudana a waya.

Ciwo: yanzu yake farawa. Abinci: shayi.

Asabar 11, sha biyu saura

An yanka wani jan bijimi daga Nijar, ƙato, mutum huɗu ya watsar kafin a kayar da shi. Da aka buɗe, hantar da ƙullutu a tsakiya. Likitan dabbobi bai ma buɗe baki ba, ni na ɗauka na jefa a durom. Ƙa'idarmu kenan. Hanta in da abu a ciki ba a yanke wurin a sayar da saura, dukkanta ake jefarwa. Rabin mahautan nan ni na koya musu haka.

Yaya Na'Allah ma gefen dama ya fara dafawa. Wata huɗu ya yi muka binne shi.

Ba wannan aka ce in rubuta ba. Ciwo: e. Abinci: shayi. An soya hanta a rumfa, nace na ƙoshi.

Lahadi 12, hantsi

Ba aiki. Waina da miya tun da safe. Ciwo: babu. Alhamdulillahi. Ni dama na san ba komai.

Litinin 13, sha biyu

Ya dawo.

Laraba 15, bayan azahar

Ban je ba. An yi ruwa, motar danfo ta yi wuya, hanyar Ikeja a cushe. Kuma ni da na karanta hanta ta fi dubu ɗari, yarinya sa'ar Ummi ce za ta karanta min tawa? Na gani da idona. Wayar ta yi ta ƙara, baƙuwar lamba. Ni ba na ɗaukar baƙuwar lamba.

Asama'u ta tambaya. Nace sun ɗaga ranar.

Alhamis 16, azahar

Na ba Ɗanbaba barhona, babbar wuƙar nan mai ƙotar ƙaho da na gada wajen Yaya. Shekara ashirin yana maitarta.

Yace Almu lafiya?

Nace lafiya ƙalau, tausayinka na ji. Wannan gwangwanin da kake yanka da shi yana zubar mana da mutunci gaban Yarabawa.

Yace kai da ko taɓa ta na yi sai ka wanke?

Nace ka karɓa ko in ba Ridwanu. Na ba ka har abada, ga shaidu.

Ya karɓa. Bai yi dariya ba, ni na yi mana mu biyu. Sai kuma na wuce teburin Ridwanu, wanda muka yi shekara shida ba ma ga maciji a kan wa zai fara jan tiyo. Na aje masa dutsen washina nace ya yafe ni. Ya tsaya baki buɗe, ƙuda har ya kusa shiga.

Ciwo: sha ɗaya da rabi. Abinci: shayi.

Asabar 18, bayan la'asar

Darasi kuma, a tsakar gida. Ummi tace abin da ya fi ba ta mamaki shi ne faɗawa ramin nan wuya gare ta. Nace rami da wuyar faɗawa? Ki tambayi duk wanda ya taɓa bin titin Agege da ruwa. Tace a'a, abu in yana zagaye zai iya yi har abada, kamar yadda duniya ke zagaye rana ba ta faɗa cikinta ba. Ba zai matsa ciki ba sai ya rabu da juyin da ya zo da shi. Zoben ciki ya miƙa wa na bayansa, shi ya gangara kaɗan, wancan ya ja baya kaɗan. A haka a haka har ya kai zoben ƙarshe, daga nan ba sauran zagaye, sai zurmawa.

Nace wato sai ya raba kayansa wa maƙwabta kafin ya tafi.

Ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, har na fara gyara hula.

Tace kuma ba duka ke faɗawa ba. Wani zafi ke kore shi waje kamar guguwa, wani ya tsere ta sama da ta ƙasa kamar an buɗe tiyo biyu. Nace madalla, ni irin wannan ne. Ba ta yi dariya ba. Gidan nan kwanan nan dariya ta yi tsada, ni kaɗai ke kawo ta.

Lahadi 19, ƙarfe goma na safe

Ciwo: babu. Abinci: ƙosai da koko. Amma gara ciwon.

Ina zaune a kan tabarma ta zo ta tsuguna. Tace Baba ina barho? Nace wajen gyara. Tace jiya da safe ta gan ta a rumfar Baba Ɗanbaba. Ta fara ƙirga min da yatsa. Na nemi gafarar Ridwanu. Sati biyu ban ci hanta ba, ni da ko a aljihu ana samunta. Ummanta sau biyu tana zuba gishiri a miya ɗaya. Dariyata ta ƙara ƙarfi amma ta rage tsawo. Tace Baba shekara guda nake koyon gane abin da ba a gani ta hanyar abin da ke zagaye shi, a gidanmu ne zan kasa?

Na dubi Asama'u a ƙofar kicin. Tace wallahi ba ni ba ce.

Toh na faɗa. Ban faɗa da kyau ba amma na faɗa. Nace Uwata, ba sai likita ta gaya min ba, wannan sana'ata ce. Hanta mai irin wannan abu durom ake jefa ta. Ko Asabar waccan na jefa ɗaya.

Tace ta wace saniya?

Nace wani jan bijimi.

Tace ciwo ne ya kashe shi?

Nace wane irin ciwo, mutum huɗu ya watsar, ni na yanka shi da hannuna.

Tace toh. Duk hantar da ka taɓa gani, Baba, ta wanda ka riga ka yanka ce. Ka taɓa barin ɗaya ka ga shekara nawa zai yi?

Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa rufe min baki a maganar hanta. Sai nace ai yanzu nake shirin faɗar haka.

Tace jibi za mu je tare. In ban je ba ita ma ba za ta je difens ba, ta maimaita shekara. Nace ba ki isa ba. Tace in gwada ta. Taurin kan nan na san inda ta samo shi, sunan ba a banza ta ci ba.

Litinin 20, azahar

Gobe. Na aske gemu, na sa an goge min shuɗiyar riga. Ba tsoro ba ne, tsafta ce.

Talata 21, bayan la'asar

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Bari in sake rubutawa tunda biro bai ƙare ba, alhamdulillahi.

A layi na ba kowa dariya, har wata tsohuwa ta manta an kira ta. Da aka kira ni ƙafata ta dama ta ƙi tashi, Ummi ta kama ni, nace mata takalmin ne sabo.

Likita na ganina tace Baba e pele, wato sannu, kwana shida muna kiranka. Da Yarbanci muka yi, ni Yarbancina ya fi na wasu 'yan gari. Ta juyo da hoton. Tace jakar ruwa ce. Ruwa zalla, ba tsutsa, ba ƙari. Jinina ma ba irin ciwon hantar nan da nake tsoro. Ni ban ce mata ina tsoron komai ba, ban san wa ya gaya mata ba. Wai mutane da yawa da irinta suke tsufa ba su ma sani ba. Za a sake dubawa bayan wata shida, shi kenan.

Nace toh ciwon fa?

Tace ina littafin da nace ka rubuta? Na miƙa. Ta juya shi sama, ta juya ƙasa, ta miƙa wa Ummi, ita ba ta jin Hausa. Na kai hannu in karɓe, Ummi ta riga ni.

Ta karanta mata lokuta da abinci kawai. Sha ɗaya, shayi. Sha biyu, shayi. Lahadi, waina, babu ciwo. Lahadi, ƙosai, babu ciwo. Likita ta aje biro tace Baba daga asuba har yamma shayi kawai kake sha? Nace da yaji, ina lasa. Tace wannan olsa ce take neman kama ka, hantar ba ruwanta. Ta rubuta magani, tace in riƙa karyawa, in bar yaji. Nace gara ki ce in bar Legas.

Amma Ummi ba ta rufe littafin ba. Na ga ta tsaya a shafin Asabar, inda na rubuta sunan Yaya. Ta goge ido da bakin mayafi, tace rubutun ne ke sa mata hawaye, ba ya karantuwa. Nace na sani, malaman firamare ma haka suka yi ta kuka.

A danfo ta riƙe hannun rigata har gida kamar lokacin tana 'yar aji ɗaya. Kwandasta ya taka min ƙafa nace Allah ya yi masa albarka, ya tsorata.

Laraba 22, bayan azahar

Asama'u ta aje min ƙwai da burodi ta tsaya a kaina kamar soja har na cinye. Nace kin ga ai na gaya miki ba komai. Tace Baban Ummi in ka sake cewa haka zan zuba maka ruwan zafin nan. Sai ta zauna a kan turmi ta yi kukan da ta aje sati biyu. Na bar ta ta gama. Miyar rana gishiri daidai.

Ciwo: kaɗan, kamar mai sallama.

Jumma'a 24, ƙarfe tara na safe

Na je karɓar barhona. Ɗanbaba yace wace barho?

Nace wadda na ba ka aro.

Yace har abada kace, ga shaidu. Ridwanu, ba haka yace ba? Ridwanu yace haka yace, yana wasa wuƙa a kan dutsena ko kunya babu.

Nace ai lokacin ba ni da lafiya.

Yace da kace lafiya ƙalau? Ni na shiga ban ɗaki na yi kukan mutuwarka har aka buga min ƙofa, wa zai mayar min da hawayena? Sai ka tsaya gaban mahauta kace Ɗanbaba ya fi ka iya fiɗa.

Nace gara a mayar da ni asibiti.

Ashe ya sani tun ranar. Ƙaton banza. Da gwangwaninsa na yi aiki yau, saniyar ma sai da ta raina ni.

Alhamis 30, bayan azahar

Difens. Ba a barin iyaye su shiga, sai na tsaya a taga da babbar riga. Taga dama wurina ne tun firamare. Mai gadi ya zo, nace masa oga ni ne na koyar da ita, ya ƙyale ni.

Da Turanci aka yi, amma na bi komai saboda na riga su sani. Abin farko da ta haska a bango, magudanar abatuwa. Ruwa na juyawa, ciyawa na wulwulawa, ga takalman roba biyu a gefe. Nawa. Malamai suka yi dariya, wani mai furfura ya gyara tabarau ya matso. Ƙafata ta shiga jami'a kafin ta Ɗanbaba, a rubuta wannan.

Sai ta nuna faifan wutar. Gefe ɗaya ya fi haske, wannan na sani, shi ne gefen da ke tahowa wajenmu da gudu. Bayan faifan kuma ya leƙo ta saman ramin kamar hula, saboda nauyin yana lanƙwasa haske. Na yi wa mai gadi bayani, ya riƙe baki yace na wa o.

Mai furfurar ya yi mata wata doguwar tambaya. Na ƙara matsawa jikin taga. Sai ta ɗaga hannu biyu, ɗaya ta yi sama da shi ɗaya ƙasa. Tiyo biyu. Ba duka ke faɗawa ba. Ya gyaɗa kai. Ta waigo taga sau ɗaya.

Ta ci. Da ta fito nace ai da ni aka tambaya da na fi ki sauri. Tace na sani Baba.

Asabar 1 ga sabon wata, ƙarfe takwas na safe

Na iso na tarar da ƙunshi a kan teburina, farin ƙyalle. Barho. An shafa mata mai, bakinta yadda na bar shi, ko nama ɗaya ba a taɓa da ita ba. Ɗanbaba yana can ya juya baya wai yana neman igiya. Na matsa nace a hankali, ka iya fiɗa. Yace me kace? Nace nace ka iya cin tuwo.

Dutsen washi kam Ridwanu yace sai dai mu riƙa yi tare. Na yarda. Tiyo ni zan fara ja.

Ciwo: babu. Abinci: hanta, ba yaji.

Toh, kaɗan.